Baffa Mai Walda da Tankin Man Riɗi

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, da mai sauri da mai jan ƙafa. Baffana, yayan mahaifina, ya koma ranar Talata da hantsi, yana zaune a kan angarib ɗinsa, gadon igiya, a ƙofar warsha, wato shagon waldarsa, shayin da aka kawo masa ko hucewa bai yi ba. Ina cikin aji a Sinnar aka kira ni. Kafin motar da na hau ta iso ƙauyenmu, can yamma da Hasahisa, har an kai shi an dawo.

An kafa rumfar makoki a gaban gida. Manoma sun baro hawasha, gonakinsu na bakin ruwa, da taɓo a ƙafa. Direbobi sun jera motocinsu a gefen tur'a, babbar hanyar ruwan da ta raba mu da gonaki. Kowa ya ɗaga hannu ya karanta Fatiha, kowa ya ce usɗa ne, gwanin sana'a na gaske, abin da ya liƙa ba ya sake ɓallewa. Aikinsa dai aka yi ta yabo. Na kasa kunne in ji wanda zai ce mutumin kirki ne, ban ji ba.

A cikin gida, wajen mata, wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta matso kusa da ni. Ta kama hannuna kamar mai ta'aziyya, ta rage murya.

"Yanzu kam ya je ya tarar da ƙaninsa. Can babu ɓoye-ɓoye."

Na zare hannuna. Innata tana zaune a bakin ƙofa, rabin jikinta a ciki rabi a waje. Shekara talatin ke nan ba ta zauna a tsakar gidan nan ba. Ta ji abin da tsohuwar ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Ina rubuta wannan ne don ƴaƴanmu na nan Sudan, waɗanda Larabcinsu ya fi Hausarsu ƙwari, kada abin da zai rage musu na wannan dattijo ya zama raɗar tsofaffi kaɗai. Ba wanke shi na zo yi ba. Abin da na gani zan faɗa.

Baffa ya koyi walda yana saurayi a wata masana'anta a birni. Da ya dawo ya buɗe warsha da ƙaninsa, wato mahaifina. A duk yankin su kaɗai ke waldar argon, wadda ake liƙa alminiyam da farin ƙarfe marar tsatsa da ita. Iskar tana zuwa ne a cikin anbuba, doguwar tukunyar ƙarfe mai kai kafaɗar mutum. Ana hura ta a kan wurin da ake narkarwa don ta tare iskar duniya, kada ƙarfen ya ƙone ya yi baƙi.

Ina da shekara bakwai aka kawo musu tankin man riɗi da ya tsage. Da safen ranar suka yi faɗa a wajen mai shayi, a gaban mutane, kan hawashar da kakanmu ya bari: sunan wa za a rubuta a takarda. An ji Baffa ya ce, "In ba a bayan raina ba." An ji Baba ya ce, "Ko a bayan nawa." Da azahar aka sami Baba a cikin tankin, a kwance kamar mai barci. Babu rauni, babu jini, babu alamar ya yi kokawa da kowa. Baffa kuwa yana can gona, shi kaɗai, babu wanda zai shaide shi.

Ƴan sanda sun riƙe shi ƴan kwanaki suka sake shi. Ƙauye bai sake shi ba. Wasu suka ce maƙure shi ya yi ya jefa a ciki. Wasu suka ce ai ba sai ya taɓa shi ba, mutumin da ya zauna birni ya san malaman da za su yi masa aiki daga nesa. Hawashar kuma ta zama tasa.

Bayan takaba Inna ta koma gidan iyayenta a ƙarshen layi. Ni aka bar ni wajen Kaka, uwar su Baba, a cikin gidan Baffa, don sunanta aka sa mini. Shi ya sa Baffa bai taɓa kiran sunana ba, sai "Uwata". Ranar da Inna za ta tafi ta durƙusa ta kama kunnena.

"Abin da aka zuba wa kowa a akushi ɗaya, ki ci. Abin da ya miƙo miki ke kaɗai, kada ki kai baki. Kin ji ni?"

Na ji ta. Duk ranar kasuwar Hasahisa Baffa yakan dawo da dabino ko alewar riɗi a aljihu, ya ce, "Uwata, zo karɓi." In karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in zagaya bayan ɗaki in ba akuyar Kaka. Sai in tsugunna ina kallonta, ina jiran ta faɗi. Akuyar nan ta ci dabinona na shekara uku, ta yi ƙiba ta haifi tagwaye. Wata rana na waiwayo na ga Baffa tsaye yana kallona. Mako na gaba ya sake kawowa, amma sai ya raba dabinon biyu, ya ci rabi a gabana, ya ajiye sauran a kan turmi ya wuce.

Mutumin da duk gari ke zargi, shi ma ba ya yarda da kowa. In an kawo masa sabuwar anbuba daga Madani, ba ya sallamar direba sai ya gwada ta a kan guntun ƙarfe. In ɗinkin waldar ya fito fari yana sheƙi, ya gyaɗa kai. In ya fito da toka-toka, ya ce an gauraya masa da wata iska, a mayar. Kowace safiya sai ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a mahaɗar tiyo yana neman kumfa. In ya tashi daga aiki ya rufe anbuba, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya sake murɗawa. Wani lokaci har ya kai masallaci ya juyo. Yakan ce, "Abin da ke wari ya yi maka sallama. Wanda ba ya wari shi ne ɓarawo." Mutane suka ce ai mai laifi ba ya samun natsuwa.

Na ga faɗansa da wani babban ɗan kasuwa daga Dinder, wanda ya kawo motar tanki yana son a liƙe ta daga ciki, a ranar.

"Ba na shiga tanki," in ji Baffa. "Kuma ba wanda zai shiga tanki a warshata."

"Ya usɗa, aikin rabin sa'a ne."

"Sai in yanke ƙofa a ƙasa, iska ta ratsa ta kwana biyu, sannan in duba."

"Ka yanka mini tanki? To gaskiya ne abin da ake faɗa. Fatalwar ƙaninka kake tsoro."

Baffa ya ajiye abin rufe fuskarsa a hankali. Na zaci zai mare shi. Sai ya ce, "Ɗauki motarka, ya Haj. Ga hanya can." Mutumin ya tafi yana zage-zage, ya kuma hana abokansa kawo aiki. Baffa bai janye ba har ya mutu.

Ranar Juma'a da safe ta mata ce. Su zo da tukwanen alminiyam da suka huje, da butocin shayi da hannunsu ya cire, ya liƙe musu kyauta. Akwai wata gurguwa mai sayar da gyaɗa da ya ƙera wa takalmin ƙarfe marar nauyi, har ta daina jan gwiwa. Ko wannan bai tsira ba. Na ji da kunnena a bakin famfo ana cewa, "Kaffara yake yi."

Shi ya tsaya har na yi sakandare, shi ya kai ni kwalejin horon malamai a Sinnar. A can ne, a darasin kimiyyar sinadarai, malaminmu ya zo kan wasu iskoki da littafi ke kira masu daraja. Ya ce argon na cikinsu, kuma sunansa ma daga kalmar da ke nufin malalaci aka samo shi. Kowane sinadari yana neman wanda zai haɗu da shi don ya cika abin da ya rasa, shi kuwa zagayensa na waje a cike yake da ilaktoron takwas, ba ya bayarwa, ba ya karɓa. Ba ya kama wuta, ba ya taimakon wuta. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne, yana shiga ƙirjinmu ya fita yadda ya shiga.

"Ba ya cutar da kowa ke nan?" na tambaya.

"Ba guba ba ne," in ji malamin. "Amma ya fi iska nauyi. In ya zuba a rami ko tanki, yana kwanciya a ƙasa kamar ruwa, ya kori oksijin. Wanda ya shiga ba zai ji an shaƙe shi ba, don jiki ba ya gane oksijin ya ƙare. Numfashi kaɗan, sai ya sulale. Ko ihu ba zai yi ba."

Ban san yadda na fita daga ajin ba. Ranar Alhamis na hau mota.

Na sami Baffa bayan la'asar yana goge kayan aiki. Na gaishe shi, na tsaya. Ban taɓa shiga warshar nan ni kaɗai ba.

"Baffa, an koya mana argon."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauko bokiti, ya dasa guntun kyandir a gindinsa ya kunna. Ya zura tiyo a gefe, ya ɗan murɗa anbuba. Ba a ga komai ba, ba a ji komai ba sai ɗan huci. Wutar ta ranƙwasa, ta mutu. Ya kunna wani kyandir a ƙasa, ya ɗaga bokitin da ba a ganin iskar da ke ciki ya karkata shi a kansa kamar mai zuba ruwa. Shi ma ya mutu.

"Wannan suka koya miki?"

"Shi ne."

"To tambayi abin da ya kawo ki, Uwata."

Na ce, "Ranar nan, wa ya bar anbubar a buɗe?"

"Ni."

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya ce tsagar tankin daga waje yake liƙe ta, amma ya zura tiyo ta bututun ƙasa don iskar ta tsare bayan ɗinkin. Ya tashi shan shayi da niyyar dawowa nan take, sai faɗa ya kaure. Da zuciya ta ɗebe shi bai koma warsha ba, ya miƙe gona.

"Mantawa ka yi?"

"Da mantuwa ce da na samu barci." Ya shafa gemunsa. "Na tuna. Ina kan gadar tur'a na tuna. Na tsaya, har na juyo. Sai Shaiɗan ya ce mini, shi ba ya da hannu ne? Ya je ya rufe. Na wuce."

Baba ya zo warsha kafin azahar, injin wuta na ta ruri, bai ji hucin ba. Ya hau tankin ya sauka ta murfin sama don ya duba ɗinkin daga ciki, yadda suka saba.

"Ka san tana kisa?"

"Wallahi abin da na sani, ba ta cin wuta kuma ba guba ba ce. Asarar iska kawai na zata. Sai bayan shekara biyu wani direban tanki ya ba ni labarin irin haka a Bur Sudan, na gane abin da hannuna ya yi."

"Ka gaya wa ƴan sanda ka bar ta a buɗe?"

"Ba su tambaya ba. Ni kuma tsoro ya hana ni."

"Kaka fa?"

"Uwa ta rasa ɗa ɗaya. In ce mata me?"

Na tambaye shi me ya sa bai gaya wa gari ba, ko sa daina cewa maƙure shi ya yi. Ya yi wata dariya marar daɗi.

"In ce musu ban kashe shi da gangan ba, da fushi na kashe shi? Bar su. Abin da suke faɗa bai yi nisa da gaskiya sosai ba." Ya ɗago kai. "Innarki tana da haƙƙin sani. Na je ƙofarta sau uku, ta ƙi fitowa. In kin ga za ki iya, ki gaya mata. In ba ki iya ba, ban ga laifinki ba."

Ban iya ba. Shekara goma sha biyar ina riƙe da maganar. Na yi aure, na haihu, na zama malamar da ke koya wa ƴan mata wannan darasi kowace shekara. Kuma duk shekara, ina rubuta sunan argon a allo, tambaya ɗaya ke dawo mini: mutumin da ya yi shekaru a masana'anta, da gaske bai sani ba? In na zo hutu ya rungumi ƴaƴana yana ba su dabino, in bar su su ci, amma idona na kan fuskarsa. Ya sani ina kallonsa. Bai taɓa roƙona in yarda da shi ba.

Rana ta biyu ta makoki wani tsoho ya zo daga birni, ana riƙe da hannunsa. Aka ce tare suka yi aiki da Baffa suna samari. Na aika aka roƙe shi ya zo zaure, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, lokacin da aka koya muku waldar argon, an gaya muku kada a shiga tanki da ita?"

Ya juya carbinsa.

"An faɗa. Akwai wani injiniya da ya tara mu wata rana ya yi bayani da Turanci, wani ya juya da Larabci. Mu kuwa Hausawa lokacin Larabcin ma bai zauna mana ba. Wasu sun gane, wasu sun gyaɗa kai kawai."

"Baffa yana wurin?"

"Ɗiyata, shekara sittin. Ina ganin kamar yana nan. Ina ganin kuma kamar lokacin ya tafi gida girbin auduga. Me ya sa kike tambaya?"

Na ce babu komai. Ya tafi ya bar ni inda ya same ni.

Ranar sadakar uku da safe na bi Inna gidanta. Tana tsince shinkafa a faifai. Na zauna na gaya mata duka: tiyon, da gadar, da juyowar da ya fasa, da abin da tsohon ya ce. Ina jiran ta yi kuka ko ta ce ai ta faɗa. Hannunta dai ya tsaya a cikin shinkafar.

"Da ya rufe, da ubanki na nan?"

"Da yana nan."

"Da ubanki ya jira sai la'asar fa?"

Na yi tunani. "Da wataƙila Baffa ya riga shi dawowa ya rufe."

Ta ture faifan gefe.

"Ranar nan ubanki ya dawo gida yana huci, ya kwanta. Ya ce ba ya komawa warsha sai yamma, in zuciyarsa ta sauka. Ni na tashe shi. Na ce kunya ce ƙani ya ɗaga wa yayansa murya a kasuwa, ya tashi yanzu-yanzu ya je ya ƙarasa aikin kafin yaya ya dawo, shi ne ban haƙuri. Ya ce in bar shi ya ɗan rintsa. Na janye matashin daga ƙarƙashin kansa." Ta dubi hannunta. "Da wannan."

"Inna, ba ki sani ba."

"Shi ma haka ya ce miki, ko ba haka ba? Kin yarda da shi?"

Ba ta jira amsata ba.

"Sau uku ya zo ƙofar nan," ta ce. "Ina jin muryarsa. Na san in na fita ya ce mini tsautsayi ne, to ni ce na tura mijina cikinsa. In kuwa kisa ne, ko na tashe shi ko ban tashe shi ba, da an kashe shi. Sai na zaɓi kisa. Shi ya fi sauƙin ɗauka."

A waje ana ta jan itace zuwa gidan makoki.

"Kada ki ce na yafe," ta ce. "Ban kai nan ba tukuna. Amma in za ki rubuta abin nan da kike cewa, ki rubuta har da matashin. Kada ki ɗora masa shi kaɗai."

Ga shi na rubuta, Inna.

Har yau ban san ko Baffa yana cikin taron injiniyan nan ba, kuma waɗanda za su gaya mini sun ƙare. Na san ya tsaya a kan gada ya juyo, sannan ya wuce. Na san kuma bai ɓoye mini wannan ba, alhali da ya ce mantuwa ce da na karɓa na gode. Sauran yana wurin wanda ba a ɓoye masa abin da ke cikin ƙirji.

Allah ka jiƙan yaya da ƙani. Ka yi wa Baffa hisabi da rahamarka, ba da zatonmu ba. Mu da muka rage, ka ba mu ikon komawa mu gyara tun muna kan gada. Amin.